Godiya daga gidan Baba Malam

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Ni ce ɗiyar Baba Malam ta biyu, Mama ce ta sa ni in rubuta wanga saƙo a madadin gida gaba ɗaya don ba mu iya bin ku gida-gida, kun yi yawa gaskiya. An sallamo Baba daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same shi, yana gida, bakin ya fara sakewa, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa gindin dogon yaro, hannun hagu ne dai har yanzu sai a hankali. Mun gode ma Ubangiji.

Ga waɗanda ba su ji yadda abin ya faru ba, a wani ƙauye ne bayan Tambuwal, yana tsakiyar koyarwa alli ya faɗi daga hannunshi, ya duƙa ya ɗauka ya kasa, sai baki ya karkace. Ba mota a garin sai ta wani Alhaji mai sayen albasa, bawan Allah nan ya sa anka sauke buhunan da anka riga anka loda, ya shimfiɗa tabarma a bayan motar ya kawo Baba har Sakkwato cikin dare, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Alhaji in wanga saƙo ya iske ka, Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka iyali. Likitoci da nas-nas da sunka tsaya kanshi mun gode. Zumuntar Mata kun kashe mu da kunu da fura har sai da munka riƙa rabawa masu jinyar gadon kusa, matasa da sunka riƙa kwana a baranda suna canji, dattawan ikkilisiya da Rabaran da sunka haɗa kuɗin hoton kai, maƙwabtanmu Musulmi da sunka riƙe mana gida da awaki, 'yan kabu-kabun bakin layi da in sun ga Mama da kwanon abinci ba sa bari ta biya, duka mun gani.

Kun san Baba ba mai zama ba ne. Tun muna ƙanana jakarshi a rataye take, Littafi Mai Tsarki wanda bangon ya sha ɗinki da zaren buhu, ƙaramin allo, gari da ƙuli-ƙuli, shi ke nan. Yau Yabo gobe Gwadabawa, ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙonni, wani lokaci har ƙasar Zuru, duk inda Kirista biyar ko goma sunka taru ba su da malami zai kwana nan ya bi da su littafi guda daga farko har ƙarshe. Ba ya son wa'azin tsalle-tsalle na aya ɗaya nan aya ɗaya can. Mu dai yara mun sha kewa, Kirsimeti nawa munka ci ba shi, amma wannan zancen wata rana ne.

To akwai maganar da Baba ya ce lalle in saka, ya ce in ban saka ba kar in tura saƙon ma. Cikin masu zuwa dubiya akwai waɗanda sunka ja Mama gefe sunka ce wannan abu la'anar gado ce, tunda shanyewar ɓarin jiki ce ta kashe Kaka, ita ta kwantar da yayan Baba, yanzu ga shi, wai a nemo mai addu'a na musamman a karya ta, har da kuɗin da za a aje. Na san da kyakkyawar zuciya kunka faɗa, ba mu riƙe kowa ba. Amma Baba da ya ji, da wannan bakin nashi da bai gama sakewa ba ya ce a buɗe mishi Ezekiyel sura 18 a karanta da ƙarfi.

Wannan ce koyarwar da ya fi yi a ƙauyuka. Yakan ce mutanen Isra'ila ma suna da karin maganarsu, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sunka mutu, Allah da kanshi ya hana a ƙara faɗinta, ya ce mai zunubi shi zai ɗauki nashi, ɗa ba ya ɗaukar laifin uba. In ka kawo mishi Fitowa 20:5 mai zancen hukunta 'ya'ya kan laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu sai ya ce ka ƙarasa mana, masu ƙin Allah anka ce, kuma aya ta 6 ta ce jinƙai ga dubbai. Sai ya jero sarakunan Yahuza a allo, Ahaz mugu ya haifi Hezekiya na kirki, Hezekiya ya haifi Manassa da ya yi shekara 55 bisa sarauta ya cika ƙasa da gumaka, jikan Manassa kuma Yosiya ne wanda ya hau yana ɗan shekara 8 ya zo ya rushe su. Ya juyo ya ce to ku nuna min inda la'anar ta bi layi.

Ba wai yana musun ana gado ba ne. Abin da yake cewa ana gada shi ne hali, yaro na kallo yana kwashewa. Ibrahim ya ce Saratu 'yar'uwarshi ce a Gerar don tsoro, Ishaku ya zo garin nan dai ya faɗi haka kan Rifkatu. Ishaku ya fifita Isuwa, Rifkatu ta fifita Yakubu, Yakubu ya girma ya fifita Yusufu har 'yan'uwanshi sunka sayar da shi. Ya ce mai dukan mata da ya tashi gidan da ake dukan mata ba aljanin kakanni ke binshi ba, koya ya yi, maganinshi tuba da zama gaban dattawa a gyara shi, ba kwalbar man zaitun ta dubu biyar ba. A nan ni ina bayanshi ɗari bisa ɗari, don na ga gidajen da anka sayar da akuya anka kai ma masu karya la'ana, maigida ya dawo ya ci gaba da shan burkutunshi.

Sauran kuma jini ne kawai. Likita ya gaya mana hawan jini yana bin dangi, in ana auna mutum yana kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai to sai magani da rage gishiri da magi. Yaya da ni da ƙannenmu duk mun auna, an sami biyu cikinmu sun fara sha. Kaka bai taɓa ganin abin awon nan ba har ya koma, shi da a asibitin kutare na Amanawa ya ji bishara, lokacin ma cewa ake kuturta gado ce, ga shi ba ɗanshi ko jikanshi guda da ya yi ta.

Sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa ce in Ubangiji ya yarda, bayan an tashi wasu nas-nas na ikkilisiya za su zauna bakin ƙofa su auna kowa kyauta, maza don Allah kar ku sulale. Masu zuwa gida ku zo bayan la'asar don da safe yana gashin ƙashi, kuma kar a biye mishi in ya fara zancen komawa ƙauye, Mama ta ɓoye jakar.