Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kuɗin Adashi da Kyamara ta Hannu

A makon jiya mun tsaya ne a ranar da na kwashi adashina, Umma ta sayar da tunkiyarta ta cika mini kuɗin sayen kyamara. Shekarar 2016 ke nan, lokacin da dala ta yi tashin gwauron zabo, kayan waje suka gagari talaka. Sabuwar kyamara a kwali dai ko a mafarki. Sai ta hannu.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya riƙe situdiyo tun zamanin fim, lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Baba muke ce masa. Bayan la'asar na same shi a kan tabarma, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa 'yar takardar da na rubuto: Nikon D3200 mai megafiksal 24, da Canon 600D mai 18 (megafiksal shi ne ma'aunin yawan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su ba da hoto).

Na ce, "Baba, ai ta farkon ta fi ko?"

Bai ko kalli takardar sosai ba. Ya ce, "Ɗana, hoton da za a sa a albam ko a tura ta WhatsApp, wa zai zauna ƙirga maka megafiksal? Wane lens za ka ɗaura mata?"

Lens shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Ni a lokacin na ɗauka lens ɗin da ke zuwa da kyamara, wato 18-55mm, shi ke nan an gama. Ba laifi gare shi a tsakar gida da rana. Amma in ka jawo hoto zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (in lambar f ta ƙaru, ƙofar matsewa take yi), ɗakunan amare da masu jego kuwa kun san yadda suke: labule mai kauri, ƙwai ɗaya, in ma an kawo wutar. Baba ya ce in nemi 50mm f/1.8, wanda hasken da yake sha ya kusa ninka na wancan sau goma, ga shi yana dusashe bayan mutum har fuska ta fito ita kaɗai. Kuma yana cikin mafi araha a lens ɗin Canon.

A nan Nikon ta faɗi a lissafina, ba don ba ta da kyau ba. D3200 ba ta da injin saita hoto a jikinta, saboda haka tsohon 50mm mai harafin D, wanda shi ne mai sauƙin kuɗi, sai dai ka riƙa murɗa shi da hannu. Mai harafin G da ke saita kansa ya fi ƙarfin aljihuna. Sannan yawancin samarin da na sani a harkar Canon suke riƙewa, ko batir ya mutu a wurin biki akwai wanda zai ara maka.

Zuciyata fa tana kan dogon lens, 75-300mm, don in tsaya a Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano ranar Hawan Daushe in jawo mahaya da dawakansu. Baba ya ce, "Sallah sau nawa ake yi a shekara? Suna kuwa kullum sai an yi." Na yi shiru.

Shi da kansa ya raka ni Titin Beirut, da ƙaramar tocila a aljihu. Lens ɗin farko da aka fito mana da shi tas yake a ido. Baba ya cire murafunsa biyu, ya haska daga baya, ya ce in leƙa. Sai ga wasu fararen zare a cikin gilashin kamar saƙar gizo-gizo. Funfuna ce, wadda danshi ke haifarwa, an fi ganin ta a kayan da suka daɗe a kudu. Mai shagon ya ce zai rage mana, Baba ya ce Allah ya kawo kasuwa. Da muka samu mai kyau, ya koma kan kyamarar: ya duba yadda robar mariƙin ta suɗe, ya juya allonta mai buɗewa gaba da baya, ya matse ƙofar haske zuwa f/22 ya ɗauki farin bango. Ɗige-ɗige biyu suka fito, ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ya ce wannan gogewa ake yi, amma kada in kuskura in canza lens a fili da hunturu.

Muka taho da 600D, da ƙaramin lens ɗinta 18-55mm, da 50mm, da ƙarin batir. Abin da ya rage a hannuna bai kai kuɗin jaka ba, a tsohon ɗankwalin Umma na naɗe ta.

Aikina na farko sunan ɗiyar Yaya ne. Hoton jaririya ya fito har ana iya ƙirga gashin idonta. Da aka ce in haɗa mai jego da ƙawayenta, na ja baya har na jingina da bango, mutum uku kawai suka shiga, domin a irin wannan kyamara 50mm tamkar 80mm yake, wato yana rage faɗin abin da ke shiga hoto. Ina cikin kiciniyar mayar da ƙaramin lens, wata Hajiya ta yafito ni.

"Kai ɗan nan, nawa kake ɗaukar biki?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.