Ranar da na canza man difarenshal na a-kori-kurata

Wata ƙara ce ta fara damuna, wani siririn kuka daga bayan motar duk lokacin da na taka ta. Baƙin man inji ba na wasa da shi, amma difarenshal, wannan tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana, tun da na sayi motar ban taɓa leƙa ta ba.

Na ɗan zaga da motar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, na ajiye ta a wuri mai daidai, na tokare tayoyi, na shige ƙasa. Nan fa na tafka wauta. Noti biyu ne a jikin tukunyar: na ƙasa na zubarwa, na gefe na ɗurawa. Ni kuwa da rawar jiki na kwance na ƙasa, mai ya tsiyaye tas, sannan na koma kan na gefe. Ya ce bai san zance ba. Tsatsa ta riƙe shi gam. Ga difarenshal ba mai, ba halin tuƙa ta zuwa wajen makanike. Sai da na kankare lakar da ta cike kansa, na fesa masa man sassauta tsatsa, na zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, kusan awa biyu ina fama kafin ya motsa. Tun daga ranar, na ɗurawa nake fara kwancewa.

Tsohon man baƙi ƙirin ya fito, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ba laifi ba ne, farar wutar da ake haɗa man da ita ce. Abin dubawa shi ne maganaɗisun da ke kan notin ƙasa. Nawa na same shi da laushin garin ƙarfe kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne. Da ɓarɓashi mai kaifi na gani, to haƙoran giya sun fara karyewa. Da kuma man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya shiga, galibi ta ƙofar shan iska da ke saman.

Littafin motata man giya mai kaurin 75W-90 da lambar nau'i GL-5 ya ce, shi na saya. Masu difarenshal irin mai hana taya ɗaya sulɓi su duba da kyau, wasu sai an ƙara musu wani sinadari, in ba haka ba za su riƙa gurnani a kwana. Da ɗan famfon hannu na ɗura, don kwalba ba ta samun wurin karkata a can. Ba a bukatar ma'auni: da man ya fara dawowa ta bakin ramin, ya isa. Na sa sabuwar washa, ɗan zoben da ke hana noti yoyo, na ɗaure ba tare da na murɗe shi fiye da kima ba.

Ƙarar ta ragu, amma ba ta ɗauke ba. Ina zargin boris ne, zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, shi zan duba nan gaba.