Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kaset ɗin da ke cikin kwalla

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda na dawo daga Kano da kaset ɗaya tak a aljihu, bayan na yi kwana biyu ina tonon kwalaye a kasuwar Ƙofar Wambai. Sunan marigayi Haruna Uji ne a jikin kwalin, hotonsa ne kuma a kai, amma minti 11 na ƙarshen gefe na biyu ba muryarsa ba ce. Muryar Baba mai gurmi ce, mutumin ƙauyenmu da nake neman waƙoƙinsa tun 2012. Masu buga kaset a wancan zamani ba sa son barin zare a banza, in waƙar mai suna ta ƙare da saura sai su cike gurbin da abin da ya zo hannu. Da zamanin memori ya zo, masu tura waƙa a waya suka kwashe kaset ɗin yadda yake, da sunan da ke jikinsa. Shi ya sa har yau akwai masu sauraron Baba suna yi wa Uji addu'a. Ina ƙaunar Uji, ɗan ƙasarmu Haɗeja ne kuma gurmi ya san hannunsa, amma duk wanda ya taɓa zama a gaban Baba ba zai haɗa su ba. Muryar Baba tana da kaushi kamar ta wanda ya wuni a ƙurar sussuka, kuma ba ya fara baiti sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Masu tambayata sunansa ku yi haƙuri. Za ku ga dalili kafin ƙarshen wannan kashi.

Baba manomi ne kafin komai. Da damina ba ka ganin gurmi a hannunsa, yana rataye a ɗaki cikin tsumma. Sai an yi girbi, gero ya shiga rumbu, samari sun fara kokawar kaka a dandali, sannan zai sauke shi ya ɗaura sabuwar tsirkiya ya bi 'yan kokawa gari gari. Wani lokaci ya hau jirgin ƙasa a Malam Madori ya nufi Nguru, wani lokaci ya yi Gumel da Maigatari har ya tsallaka ƙasar Damagaram. Bai taɓa yi wa sarki ko ɗan siyasa waƙa ba, saboda haka babu wanda ya ɗauke shi ya kai shi Kaduna ko Legas a buga masa faifai, kamar yadda aka yi wa su Shata da Ɗanmaraya. Sau ɗaya ma'aikatan wani gidan rediyo suka zo ƙauye suka naɗi muryarsa a kan babban faifan zare, ina yaro a lokacin, ina cikin waɗanda aka kora don kada mu yi surutu. Da na je gidan rediyon a 2014, wani dattijon ma'aikaci ya kai ni ɗakin ajiya ya nuna mini kwalin. Sunan Baba na nan da jan biro. Da aka ɗora zaren sai muka ji jawabin wani taro. An rasa sabon zare a wata shekara, aka naɗi jawabin a kan waƙar. Ranar ban iya cin abinci ba.

To, kaset ɗin Ƙofar Wambai shi ya buɗe mini hanya. Ɗana ya juye mini waƙoƙin Baba biyu da ke ciki a waya, na riƙa yawo da su ina kunna wa duk tsohon da na ga alamar ya yi zamani da kokawa. Wata Alhamis a farkon 2017, ranar kasuwar Maigatari, ina zaune a rumfar mai shayi kusa da kara, na kunna wa wani dillalin shanu. Bai bari ta kai rabi ba ya ajiye kofinsa.

"Malam, ai wannan mai gurmin 'yan kokawa ne. Ina ka samo shi?"

Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani direba mutumin Gumel da ke jigilar dabbobi tsakanin Dungas da Maigatari, wanda ya sayo rikoda a Makka, ba ya rabuwa da ita, kuma duk inda ya tarar da Baba sai ya danna ta. Direban ya rasu da daɗewa. Amma uwargidansa tana raye.

Sai da na yi zuwa uku kafin na gan ta. Zuwan farko ba ta nan, na biyu ɗanta ya ce ba su san da wani kaset ba, kuma na ga alamar yana zaton wani abin kuɗi nake farauta. A na uku na tafi da matata, na tsaya a zaure ita ta shiga. Bayan kusan awa guda aka ce in shigo.

Hajiya tana zaune a bakin gado, tsohuwa mai ƙaramin jiki, carbi a hannu. Bayanta jeren kwalla da samira ne har kusa da rufi, irin jeren da yanzu ba a yi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, kai ne mai neman kiɗa?"

"Ni ne, Hajiya."

"Me za ka yi da shi? Masu shi duk sun tafi."

Na ce don sun tafi ɗin ne nake nema. Ta dube ni ta dubi matata, sannan ta sa jikarta ta hau kujera ta sauko da kwalla ta uku daga sama. A ciki akwai tsohon ɗankwali a ƙulle, a cikin ɗankwalin kaset 9. Ta ce tun ranar da Alhaji ya rasu ta ɗaure su, ba ta ƙara taɓawa ba, don rikodar ta riga shi mutuwa. Wannan kwalla ita ta cece su. Murfinta ya hana ƙurar hunturu shiga, tsayin jeren ya hana laimar damina da gara kai musu. Na ga kaset ɗin da aka ajiye a ofis mai fanka ya lalace, waɗannan kuwa ko tsatsa babu a kusoshinsu.

Bakwai daga ciki wa'azi ne da karatun Alƙur'ani. Ɗaya na Shata ne. Na taran TDK ne mai minti 90, babu rubutu a jikinsa sai zanen tauraro da aka yi da biro. Hajiya ta ce ba za a fita da shi daga gidan ba, in zan ji in ji a nan. Na ce na yarda.

Masu bin wannan tarihi tun farko sun san na yi shekara 8 ina gyaran rediyo a Haɗeja kafin na shiga aikin koyarwa. Ban taɓa gode wa Allah a kan wannan sana'a kamar ranar ba. Washegari na dawo da rikodata National da 'yar jakar kayan aiki, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Ban sa kaset ɗin a rikoda kai tsaye ba. Zaren kaset mai minti 90 ya fi na mai minti 60 siranta, in ya shekara 30 a naɗe yakan manne da juna, kana danna maɓalli rikoda ta tauna shi, shi ke nan. Na zura biro a ramin na riƙa juyawa a hankali, ina jin nauyinsa a yatsuna, har na kai ƙarshe na dawo da shi. A wuri ɗaya ya ƙi tafiya. Na kwance kusoshi biyar ɗin na buɗe, na tarar zaren ya taɓa tsinkewa an ƙulla shi da hannu kamar igiyar guga. Na yanke ƙullin da reza, na haɗa bakin biyu a kan madubi, na liƙa siririn salatif ta bayansa. Ɗan soson nan da ke danna zare a kan rikoda shi ma ya faɗi, saboda haka na kwashe zaren gaba ɗaya na mayar cikin gidan wani sabon kaset. Na goge kan rikodar da auduga da sifirit. Na duba saman kaset ɗin na ɓalle 'yan haƙoran nan biyu, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a maimaita abin da ya faru a gidan rediyo. Ɗana ya jona waya daga ramin iyafis zuwa kwamfutarsa. Na yi bisimilla na danna.

Iska ce ta fara fitowa, sai hayaniyar dandali, sai wata murya kusa da rikodar tana cewa yara su matsa baya. Hajiya ta saki carbinta. Muryar Alhaji ce. Ba ta ce komai ba, ta dai jawo mayafinta ta rufe fuska, mu ma ba wanda ya dube ta.

Sai gyaran murya, sau biyu.

Gefen farko kokawa ce zalla. Baba yana zuga wani ɗan kokawa, yana kiran garinsu da sunan kakansa, gurmin yana gudu, in an yi kaye sai ihu ya rufe komai har lasifikar ta riƙa karkarwa. Waƙa 5 na ƙirga, 4 ban taɓa jin su a wani kaset ba. Da a nan abin ya tsaya ma na ci riba.

Gefe na biyu daban ne. Babu taro, babu ihu, sai kukan gyare da motsin wuta. Ga alama dare ya yi, an watse, su biyu ne ko uku a zaune. Baba ya sassauta tsirkiya, kiɗan ya yi ƙasa, ya shiga wata doguwar waƙa wadda babu ɗan kokawa ko ɗaya a cikinta. Yana lissafa ƙauyukan da ya ratsa ya tarar an rufe ƙofofi da ƙaya an tafi. Yana faɗin yadda tiyar gero ta gagari mai iyali, yadda makiyayi ke sayar da saniya a kuɗin akuya don ba ta iya tashi. Ya ambaci canjin kuɗi da rufe iyaka, ya ce ga shi yana hango hanyar gida amma ba halin bi da rana. Da wannan na gane shekarar. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun naira ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, kuma damina ta ƙi a wannan shekara, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar da ta biyo baya suna El-Buhari. Ke nan a ƙarshen 1984 aka naɗi wannan kaset, a wancan gefen iyaka. Na tuna shekarar sarai. Na tuna mata da yara daga arewa suna zaune a bakin tashar Malam Madori da ƙoƙuna a gabansu. Na karanta abin da aka rubuta a kan wannan fari, amma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daga ciki, yana tsakiyarsa, kamar yadda Baba ya yi a daren nan ba. Kuma ban san kowa a ƙauyenmu da ya taɓa jin ya rera ta ba.

Wajen minti 30 sai muryarsa ta fara sirancewa tana sauri, har ta koma kamar ta yaro. Jikar Hajiya ta tsorata. Na ce mata batir ne. Batiran Alhaji sun yi sanyi a daren, injin yana jan zare a hankali, shi ya sa in an kunna da cikakken ƙarfi sai komai ya yi gudu. Daga baya ɗana ya rage saurin a kwamfuta kaɗan kaɗan, ni kuma ina gefe ina saurare, har muka kai inda na ce masa tsaya, wannan ita ce muryarsa. Waƙar ba ta ƙare ba. Tana tsakiyar baiti zaren ya ƙare.

Na mayar wa Hajiya kaset ɗinta a sabon gidansa, ta sa shi a ɗankwali da hannunta. Na ba ta abin goro ta ƙi karɓa. Abu ɗaya ta roƙa, a sa mata wurin da Alhaji ya yi magana a wayar jikarta.

A mota ina ta lissafin yadda zan yi. In kai wa masu nazarin harshe a Jami'ar Bayero, in sa a YouTube da sunansa na gaskiya, in gyara kuskuren da aka yi shekara da shekaru ana yi. Matata ce ta katse ni. Ta ce, "Malam, ka tambayi 'ya'yansa?"

Ban tambaya ba. Shekara 5 ina bin muryar mutum, ban taka ƙofar gidansa ba, alhali daga gidanmu zuwa can bai fi tafiyar minti 10 ba. Na san abin da ya hana ni. Babban ɗansa malamin allo ne mai almajirai, kuma kowa a garin ya san ba ya son a kira shi ɗan makaɗi.

Na same shi bayan la'asar a zaurensa yana duba allunan yara. Muka gaisa, na yi masa bayani tun daga Ƙofar Wambai har kwallar Hajiya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Malam, ka san shekara 6 kafin rasuwarsa ya ajiye gurmin nan? Da hannunsa ya tsinke tsirkiyar. Ya ce kada a ƙara kaɗa shi a gidan nan. Yanzu kai kana so ka tayar da abin da shi ya binne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban zo in yi gardama ba. Amma akwai guda ɗaya da ba ta kokawa ba ce. Ina roƙon ka ji ta, in ka ce a bari, wallahi na bari."

Ya daɗe yana kallon allon da ke hannunsa. Can sai muka ji motsi a bayan ƙofar cikin gida, wata murya ta ce, "Yaya, don Allah ka bari in ji. Na manta muryar Baba." Ƙanwarsa ce, autarsu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida.

Malam bai amsa mata ba. Ya miƙo hannu, na ciro memorin daga wayata na sa masa a tafi. Ya naɗe shi a wata 'yar takarda ya sa a aljihun gaba, ya ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Abin da ya faru a wannan Juma'a shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.