Na je Madagaska, hawainiya ta riƙe min yatsa

Jama'a na dawo, kuma har yanzu in na kalli yatsana sai in tuna riƙon da dabbar nan ta yi masa. Taron malaman kimiyya ne ya kai ni Antananarivo, babban birnin ƙasar, ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi da zaman jira a Adis Ababa ba, abin da nake son faɗa ya fara ne bayan an tashi daga taron, da na ce wallahi ba zan bar ƙasar da ke da kusan rabin nau'o'in hawainiyar duniya ban shiga daji ba.

Sai da aka yi dambe kan kuɗin mota tukuna. Kuɗinsu ariary ne, amma har yau wasu da tsohon faran suke lissafi, kuma ariary 1 faran 5 ne, to direba in ya ga baƙo sai ya faɗi adadi ya yi shiru bai ce na wanne ba, in ka zaro ariary ka biya ninki biyar ya ce ya gode. Na ce masa malam faran ko ariary? Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya san an gano shi. Muka hau titin RN2 mai zuwa Toamasina, wajen kilomita 140 ne zuwa Andasibe, garin da ke bakin gandun dajin da zan shiga, amma kwana-kwana da tireloli sun sa muka ci rabin yini. A wani shinge wani mai kaki ya juya fasfona ya sake juyawa, ko sallamar da na yi bai amsa ba, ya cilla min shi ta taga. Na haɗiye.

A Andasibe ba a shiga gandun dajin sai da ɗan jagora, doka ce, kuma a ganina kuɗin da ya fi halatta a duk tafiyar ke nan. Wani dattijo na samu, ba ya yawan magana. Da dare ya ce in ɗauko tocila, wai hawainiya in ta yi barci launinta kan koɗe sai ta yi fari-fari a ƙarshen siririn reshe. Ni ganye kawai nake gani, shi kuwa ya tsaya ya ce ga ta. Barci take, iska na kaɗa reshen, yayyafi na sauka, amma ko gezau, hannu da ƙafa sun kulle.

Washegari a wani wurin kiwonsu da ke bakin hanya aka bar ni na miƙa wa wata ƙatuwa hannu, irin wadda ake kira Parson, tana iya haura santimita 60. Ta ɗago hannu a hankali kamar mai shawara, ta murɗa shi, ta damƙe yatsana. Sai na ƙura ido. Yatsu biyar ne da ita amma fata ta ɗaure su gida biyu suna fuskantar juna kamar awartakin maƙeri: a hannun gaba uku ta ciki biyu ta waje, a ƙafar baya kuma akasin haka, biyu ciki uku waje. Abin da ya fi ɗaure min kai wuyan hannun ne. Ƙananan ƙasusuwan wurin sun haɗu sun ba da gaɓa irin ta ƙwallo a cikin gurbi, shi ya sa na juya yatsana sama, na kwantar da shi, na karkata, hannun nata na bi yana juyawa ba ta saki ba, jikin ma bai motsa ba. Ga wutsiya ta naɗe min a babban yatsa ta zama hannu na biyar. Ba zafi, sai ɗan sokin farce, amma ƙarfin ya wuce yadda nake zato.

Na ce wa dattijon, baba, ƙadangaren da ke gyaɗa kai a katanga fa me ya hana shi wannan? Ya ce ai shi ɗan gudu ne. Gaskiyarsa. Ƙadangaru da yawa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsunsu sun haɗe wuri ɗaya a tafin hannu, da wani ɗan faffaɗan ƙashi a ciki, sai tafin ya yi tauri, yatsu su ja tare, ya dace da tsere a ƙasa da maƙale farce a dutse ko bango amma ba zai iya dunƙule hannu ya zagaye siririn reshe ba. Masu bincike a Ajantina sun nuna waɗanda ƙashin nan ya ƙanƙance musu ko babu shi, jijiyar kowane yatsa na tafiya da kanta, su ne ke iya damƙa. Wato tun daga tafin hannu aka raba wa kowa inda zai zauna. Tsaka kuma nata daban, na ga koriya shar a jikin gilashin taga, gashi ne ƙanana ƙwarai a ƙasan yatsunta ke manne ta.

Matar da na sauka gidanta Allah ya saka mata, da ta ga ina bin sallah ta aika yaro ya samo kifi, ta dafa min a tukunya daban, da na ƙara mata kuɗi ta tura min abina tana faɗa da yarensu. Sai dai shinkafa safe, rana, dare, har ruwan ƙanzonta suke sha a madadin shayi.

Sauran tafiyar ba wani abu. Na ji kukan wata dabba mai kama da biri da ake kira indri da asuba, matsattsaku sun sha jinina a ƙafa, a Moramanga taya ta fashe. Ƙaramar hawainiyar da aka bayyana a 2021, wadda namijinta bai fi milimita 22 ba har wutsiya, tana can arewa, kuɗina bai kai ba. Wanda zai je ya tafi da doguwar safa da rigar ruwa.