Zaɓen ƴan wasa a FPL Draft: inda lissafi ya kai

Ƴan uwa masu koyo, ga abin da zagayen gwaji ya fito da shi, kafin fadodin matasa na Birni da Zango a Damagaram su zauna zaɓen gaske.

Wanda ya saba da Fantasy Premier League (FPL, wasan intanet na tara maki da ƴan wasan gasar Firimiya ta Ingila) na kullum sai ya ajiye lissafin fam miliyan 100 da na kyaftin mai ninka maki. A Draft, inda mahalarta ke zaɓen ƴan wasa bi da bi, babu kuɗi, babu kyaftin, kuma ɗan wasan da wani ya ɗauka ya fita daga hannun kowa. Mutum 15 za ka tara: masu tsaron gida 2, ƴan baya 5, ƴan tsakiya 5, ƴan gaba 3.

Layin zaɓe je-ka-dawo ne. In ku takwas ne, mai lamba ta 1 zai ɗauki na 1, sannan ya jira har na 16 da na 17 a jere. Mai lamba ta 8 kuwa na 8 da na 9 ne nasa. Saboda haka tambayar da ta fi "wa ya fi iya ƙwallo?" amfani ita ce: wa zai rage kafin layi ya dawo kaina?

Ƴan gaba su ne abin da ke saurin ƙarewa. Mutum takwas na bukatar 24, alhali ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kuma yawancinsu ɗan gaba ɗaya suke sa wa a fili. Wanda ya kai zagaye na biyar ba shi da ko guda, masu zaman benci zai tarar. A zagaye uku na farko a samu ɗan gaba ɗaya mai fara wasa kowane mako da ƴan tsakiya biyu masu kai hari, musamman mai buga fanareti. Ƙwallon ɗan tsakiya maki 5 ce, ta ɗan gaba 4, kuma ɗan tsakiya na samun ƙarin 1 in ba a ci ƙungiyarsa ba. Da haka Salah, wanda FPL ta lissafa a ƴan tsakiya, ya tara maki 344 a kakar 2024/25, da ƙwallaye 29 da taimako 18.

Mai tsaron gida a bar shi sai can ƙarshe. 16 ake bukata, 20 ke tsayawa a raga.

Ƴan baya ne wurin da aka fi yin asara. Da an ga wani ya ɗauki guda a zagaye na uku, sai kowa ya bi yarima a sha kiɗa. Hana cin ƙwallo maki 4 ne, amma sai ɗan bayan ya buga minti 60, kuma duk ƙwallo biyu da aka zura musu ana cire 1. Tun kakar 2025/26 akwai wata ƙofa: ɗan baya da ya haɗa ƙwace ƙwallo, tare ta, katse ta da share ta har sau 10 a wasa ɗaya yana samun maki 2. Don haka ɗan bayan ƙaramar ƙungiya da ake matsa wa lamba ba abin rainawa ba ne, kuma ana samun irinsa har zagaye na goma. Son kulob kuwa, ko na Arsenal ne ko na Chelsea, a bar shi wajen shan shayi.

A duba kalanda. Gasar cin kofin Afirka ta Maroko ta gudana daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, tsakiyar lokacin da wasannin Ingila suka fi cunkushewa. A kakar da irin haka ta faɗo, kada mutum uku daga cikin manyanka su zama masu tafiya.

Ranar zaɓe, kowane ɗauka yana da ƙayyadadden lokaci. In rezo ya yanke ko caji ya ƙare, na'ura ce za ta zaɓa maka, daga jerin sunayen da ka tanada, in babu kuma daga nata jerin, wanda bai damu da tsarinka ba. A rubuta aƙalla suna 40 bisa fifiko tun ana gobe zaɓe, a cika waya da wuta, mai shirya gasar kuma ya ba da lokaci mai tsawo, kamar daƙiƙa 90.

Bayan zaɓe, sauran ƴan wasan da ba su da mai su ana neman su ne ta layi, na ƙasan teburi ke fara samu, kuma da buƙatarsa ta biya sai ya koma ƙarshen layin. A sa buƙata biyu ko uku kan ɗan wasa ɗaya da za a saki, don in an riga ka ta farko, ta biyu ta shiga. Ana rufe jera ƴan wasa minti 90 kafin wasan farko na mako. Agogon Ingila daidai yake da na Damagaram daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Bayan nan muna gabansu da awa ɗaya, wasan 12:30 nasu ya koma 13:30 a nan, rufewa kuma ƙarfe 12.