Sawun da manhaja ke bari idan ta faɗi

A watan jiya wani mai shagon magani a Sabon Gari, wanda na rubuta wa ƙaramar manhajar lissafin kaya da harshen rubuta manhaja mai suna C, ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Malam, abin nan naka ya sake rufewa da kansa." Da na tambaye shi me yake yi a lokacin, sai ya ce ba komai, aiki kawai yake yi. Irin wannan amsa ba ta kai mai gyara ko'ina, domin bayanin da ake bukata yana nan ne a daidai daƙiƙar da manhajar ta faɗi, kuma da zarar an sake kunna ta, ya bi ruwa.

Laifin kuwa nawa ne, tunda ban shirya ta yadda za ta bar sawu ba. Washegari na taso daga Samaru na zauna a gaban kwamfutarsa mai Linux, na sake harhaɗa manhajar da alamar -g domin sunayen ayyuka da lambobin layi su kasance a cikinta, sannan na buga umarnin ulimit -c unlimited a tagar ba da umarni, na kunna manhajar daga wannan tagar, saboda idan ta mutu a adana hoton ƙwaƙwalwarta a fayil ɗin da ake kira core.

Bayan kwana 2 ta sake faɗuwa da saƙon Segmentation fault, wato sigina ta 11, wadda ke nuna cewa manhaja ta taɓa wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwa. Na buɗe fayil ɗin core da gdb, manhajar gano kurakurai, na buga umarnin bt, sai ga jerin ayyukan da suka kira juna har zuwa layin da ke buga rasit. Ashe dogon sunan wani abokin ciniki ne, mai ƙ da ɗ a ciki, ya yi ɓarnar. Na ware wa suna gurbi ina ƙidaya haruffa, alhali a tsarin adana rubutu na UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffanmu masu lanƙwasa bayit 2 yake ci, wato gurbin haruffa biyu marasa lanƙwasa, sai sunan ya malala ya wuce iyakarsa. Abin kunya ne ga Bahaushe, amma haka aka yi.

Yanzu manhajar tana rubuta lokaci da aikin ƙarshe da aka yi a wani fayil na daban. Mai shagon kuma mun yi da shi cewa idan ta sake rufewa kada ya taɓa komai, ya fara ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ya turo mini ta WhatsApp.