Sana'ata rage wa bidiyo ƙiba

Idan aka tambaye ni sana'ata, nakan ce rage wa bidiyo ƙiba nake yi. Mu uku ne a wurin, ni da yara biyu da nake koya wa aiki, sai kwamfutoci biyu da wata tsohuwar kyamarar kaset da nake lallaɓawa kamar ƙwai. Abin da mutane suka ɗauka a gida suke kawo mana: ranar da yaro ya fara tafiya, hirar kaka, taron dangi. So suke a mayar da shi yadda zai turu ta intanet ba tare da ya lashe musu data ba.

Kusan kowa da buƙata ɗaya yake zuwa, a ƙanƙanta fayil ɗin sosai amma kada kyansa ya ragu ko kaɗan. Nakan ce, Malam, taura biyu ba ta taunuwa, sai dai mu nemi inda idonka ba zai gane an taɓa ba.

Ka ga bidiyon da ake ce wa 1080, kowane hoto a cikinsa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2, kuma galibi hotuna 30 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Da za a adana su yadda suke, daƙiƙa ɗaya tak sai ta ci wajen megabait 180. Ke nan wayarka ma ta riga ta matse shi tun tana ɗauka. Dabarar kuwa ita ce, ana ajiye cikakken hoto jefi-jefi, tsakaninsu kuma abin da ya canza kawai ake rubutawa. Shi ya sa tsohuwa da ke zaune jikin bango tana ba da labari take matsuwa lafiya lau, bangon bai motsa ba, bakinta da hannunta ne kawai ke aiki. Amma a kawo mini wanda aka ɗauka hannu na rawa, ko ruwan sama na zuba, ko ganye na kaɗawa, ko a ɗaki mai duhu inda hoton ke yin tsaki-tsaki, to ranar akwai aiki. A wurin kwamfuta komai ya canza, ba abin da za ta tsallake.

Lissafin nauyi ba wuya. Idan na bar wa bidiyo megabit 2 a daƙiƙa, minti 10 zai ba ni megabait 150, tunda bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Gmail kuwa megabait 25 yake karɓa a maƙale da wasiƙa. Don haka kafin in taɓa wani maɓalli na matsewa, almakashi nake fara ɗauka. Wata baiwar Allah ta kawo mini minti 40, da muka zauna muka kalla tare, kusan rabinsa ƙasa da ƙafafun mutane ne, ta manta ba ta tsayar da ɗauka ba. Yankan nan kaɗai ya raba nauyin biyu, fuskar kowa kuma tana nan garau. Yaran nawa sun fi son wasa da lambobi, ni kuma kullum ina mayar da su kan yanka.

Da manhajar matse bidiyo ta HandBrake muke yawancin aikin, idan fayilolin sun yi yawa mu koma wata mai suna FFmpeg. Dukansu kyauta ne. A cikin tsarukan matse bidiyo, har gobe H.264 a cikin fayil na MP4 na fi amincewa da shi, duk da cewa tun 2003 ya fito. H.265 na 2013 ya fi shi ƙanƙanta fayil, AV1 na 2018 ma haka, amma me amfanin ƙaramin fayil idan tsohuwar wayar kawu ta ƙi buɗe shi? Ma'aunin inganci na manhajar, wanda ƙaruwar lambarsa ke ƙara matsewa, nakan tsayar da shi a 22 ko 23. In ka tura shi ya haura 28, fuskoki sai su fara narkewa kamar an shafa musu mai. Wanda aka ɗauka a 4K kuma, mai ɗigon da ya fi na 1080 yawa, ina sauke shi zuwa 1080 ko 720, don a allon waya za a kalla.

Sauti ne ba na yi wa rowa. Ina barinsa a kilobit 128 a daƙiƙa, wanda bai kai megabait 1 a minti ba. Na lura mutum yakan yafe hoto mai ɗan hazo, amma ba ya yafe a ɓata muryar mahaifinsa da ya rasu.

Kaset ɗin MiniDV, na tsofaffin kyamarorin bidiyo, nasa aikin daban. Awa ɗaya gigabait 13 ne, kuma ba a yi masa gaggawa, awa ɗaya ce za ka zauna yana juyawa. Sannan sai an gyara masa layukan nan masu kama da haƙoran mataji da ke fitowa idan abu ya motsa, in ba haka ba a matse su tare da hoton.

Akwai masu zuwa da bidiyon da ya zagaya wayoyi biyar ta WhatsApp, su ce a dawo masa da kyansa. Abin da matsewa ta zubar ya tafi. Nakan nuna musu yadda za su tura shi a matsayin takarda, wato Document, hanyar da ke ɗaukar har gigabait 2 ba a sake matse shi ba.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Farkon buɗe wurin nan na matse wa wani dattijo bidiyo, na adana sabon da sunan tsohon, ya hau kansa. Bayan mako biyu ya dawo yana son a saka a babbar talabijin, ashe ya goge na wayarsa. Na rasa bakin magana. Tun ranar, duk wanda ya shigo da faifai ko waya, kafin ya zauna an kwafi na asalin wuri biyu, kuma ba ya fita sai na ji daga bakinsa inda zai ajiye nasa.